Kampo a sashen masu ciwon daji: likita ya san inda maganin ya tsaya

A Japan, likitan da ke ba mai ciwon daji maganin kemo shi ne kuma yake rubuta masa haɗin ganyayyaki da saiwoyi da ake kira Kampo. Inshorar lafiya ta ƙasar tana biyan kuɗin haɗi 148 na irin wannan magani, kuma a 2001 aka shigar da Kampo cikin manhajar karatun likitanci. Wasu na ganin cusa gargajiya ce a inda kimiyya ya kamata ta yi aiki. Ni ban yarda da su ba. Koyar da likitoci shi ne abin da ya hana wannan magani zama abin da ake sha a ɓoye.

Ba a ba da Kampo don kashe ƙari. Aikinsa rage wahalar jinya ne. Ana ba da rikkunshito ga wanda kemo ya ɗauke masa sha'awar abinci, hangeshashinto ga mai gudawa ko gyambon baki, daikenchuto kuma don hanji ya motsa bayan tiyata. Wanda ya taɓa jinyar mai ciwon daji ya san cewa cokali biyu na abinci da ya shiga ciki ba ƙaramin abu ba ne.

Amma inda horon ya fi amfani shi ne sanin illa. Haɗi da yawa na ɗauke da wata saiwa mai zaƙi da Japanawa ke kira kanzo, ba kanzon tuwonmu ba, wadda idan ta yi yawa takan rage sinadarin fotasiyom a jini, ta haddasa hawan jini da kumburi. A shekarun 1990 wani haɗin Kampo mai suna shosaikoto ya jawo wa wasu masu ciwon hanta mummunar cutar huhu, har aka hana haɗa shi da allurar intaferon da ake yi wa masu ciwon hanta. Likitan da bai karanta Kampo ba, ta yaya zai gane cewa tarin majinyacinsa daga ganyen yake?

Horon ne kuma ya sa ake gwada shi kamar kowane magani. An daɗe ana fatan haɗin Kampo mai suna goshajinkigan zai kare masu karɓar maganin kemo na oxaliplatin daga dindiris a hannu da ƙafa. Da aka yi babban gwaji mai suna GENIUS a Japan, sai aka ga bai hana ba, aka dakatar da gwajin tun kafin ya kai ƙarshe.