Wai in fara kai su gidan zu

Jiya aka ci mini mutunci a ofishin wasu masu shirya tafiye-tafiye a nan Kano, kuma da ƙafata na kai kaina.

Laifina kawai na yi wa 'ya'yana alkawari. Tun suna ƙanana suke kallon Disneyland, katafaren wurin wasan yara, a waya, babbar ta fi ni sanin lungunan wurin. Muka tsayar da shawara kan ta Faransa, wadda aka buɗe a 1992 a Marne-la-Vallée, gabas da Paris, tunda ta fi ta Amurka kusa. Ni da uwargida muka shiga adashe, muka haƙura da sauya mota. Fasfo kaɗai ya isa ya sa mutum hawan jini: mai shafi 32 ya koma naira dubu 100 tun Satumbar 2025, kuma kowane yaro da nasa. Na biya, na ce ba komai.

Na shiga ofishin da sallama. Yarinyar da ke kan tebur, wadda wallahi na haife ta, tana danna waya. Na sake sallama. Ta amsa da hanci, ba ta ɗago ba. Kujera na nan a gabanta, amma ban ji "bismillah, zauna" ba, sai na zaunar da kaina.

Na ce, "'Yata, so nake in kai iyalina Disneyland ta Paris a hutun ƙarshen shekara."

Sai a lokacin ta ɗago. Takalmina ta fara duba, sannan agogo, sannan fuska. Ta miƙo hannu, na ba ta fasfo. Ta riƙe shi da yatsa biyu kamar ta tsinto shi a kwata, tana buɗe shafi ɗaya bayan ɗaya, a hankali, don in tabbatar ta ga babu komai a ciki.

"Baba, ko Umara ba ka taɓa zuwa ba?"

Na ce Allah bai nufa ba tukuna.

"To fasfo fari fat haka, wa zai ba ka bizar Turai? Nawa ne ma a asusunka?"

A gaban mutane fa! Wani mai babbar riga da ke jira har ya gyara zama don ya ji amsa. Na ce ai na zo ne a faɗa mini abin da ake buƙata. Ta karanto mini kamar mai biya hadda: takardar banki, shaidar kama otal, shaidar tikitin jirgi, inshorar lafiya ta yuro dubu 30, kuɗin biza yuro 90 kowane babba, 45 yaron da ya kai shekara shida, in an hana ka kuma kuɗinka ya bi ruwa. Nasu ladan daban, shi ma ba a mayarwa. Ta turo mini fasfon, ta yi wani ɗan murmushi.

"Shawara kyauta, Baba. Ka fara kai su gidan zu, su ga jimina."

Madalla da wannan shawara, Hajiya ƙwararriya. Ashe shekarun nan da nake zaune a Kano ban san hanyar gidan zu ba, sai da Allah ya haɗa ni da ke.

Amma da na huce a cikin adaidaita, na ga ita ma 'yar aike ce. Waɗanda suka ba ta bakin magana suna can sama. Lokacin da muka fara tara kuɗin nan, dala ba ta kai naira 500 a farashin gwamnati ba. Aka saki naira a Yunin 2023, kafin mu farga ta haura 1,500. Adashen da ya isa mutum biyar ya koma na mutum biyu, ba tare da mun taɓa ko sisi ba. Koren fasfon nan kuma, wa ya zubar masa da daraja? Ni? Dubai ma da kowa ke zuwa sai da ta rufe mana ƙofa a 2022, aka yi ta lallashi har 2024.

Kuma me ya hana a yi mana namu? Audu Bako ya gina gidan zu, ya yi Tiga da Bagauda tun shekarun 1970, iyayenmu suna kai iyali shaƙatawa. Otal ɗin Bagauda yau makarantar lauyoyi ce. Tinapa, wurin kasuwanci da shaƙatawa da aka buɗe a Kalaba a 2007 da ganga da algaita, je ka gani yanzu. Abin da ya rage mana shi ne lilo mai tsatsa ranar sallah, yara ɗari a layi ɗaya cikin rana, ana jiran a sayo wa janareta mai. Masu sa hannu a kasafin yawon buɗe ido kuwa, ko hutun rabin zango aka yi, 'ya'yansu na filin jirgin Abuja da jakunkuna, kuma babu yarinyar da ta isa ta tambaye su nawa ne a asusunsu.