Wasiƙar Alhaji Ta Maƙale a Ƙofa

(Tudun Hatsi, Gombe, bayan azahar. Ofishin Alhaji ɗaki ne guda a bayan sito, buhunan riɗi sun kai rufi. A kan tebur akwai tsohuwar kwamfuta ta girke wadda ƙura ta naɗa wa rawani. Soket ɗaya ne tak a bango, an jona masa waya mai baki uku: kwamfuta, allonta, da ɗan modem, akwatin da ke kawo intanet, mai ƙyafta koren ido. Masu sayen riɗi na Legas sun ce daga bana sai ta imel, shi ya sa aka kira Injiniya. Modu, akawun Alhaji, Babarbare ne. Jauro kuwa tun safe ya iso daga Dukku karɓar cikon kuɗin riɗinsa, an ce ya ɗan jira.)

ALHAJI: Injiniya, minti goma ka ce. Ga shi har shayina ya huce.

INJINIYA: Ranka ya daɗe, minti goman na wanda ya san kalmar sirrinsa ne.

ALHAJI: Ai na faɗa maka. Riɗi.

INJINIYA: Haruffa huɗu ke nan, Alhaji. Google ba ya karɓar ƙasa da takwas.

MODU: To rubuta shi sau biyu.

(Ya rubuta. Abin takaici, ta buɗe.)

INJINIYA: Innalillahi. To, ta buɗe a shafin Gmail, amma Outlook ɗin nan, manhajar wasiƙu ta cikin kwamfutar, ya ce bai san zancen ba. Tsoho ne. Tun 2022 Google ya daina barin irin waɗannan tsofaffin manhajoji su shiga da kalmar sirri ta yau da kullum. Sai an yanka masa tasa daban, mai haruffa 16.

ALHAJI: Goma sha shida! Ni mai dukiyar ina da takwas, ɗan aikena zai riƙe sha shida?

JAURO: Haka duniya ta zama, Alhaji. Ba ga Modu nan ba, bawan gidanmu, da biro biyu a aljihu.

MODU: Yi mana shiru, ɗan daji. Wanda bai taɓa ganin wasiƙa ba sai ta jangali.

INJINIYA: Kafin a ba mu, sai an tabbatar kai ne. Za su tura lambobi shida zuwa wayar da aka buɗe akwatin da ita. Ga ta nan, ta ƙare da 47.

(Alhaji ya yi shiru. Ya gyara hula. Ya dubi rufi kamar mai ƙirga buhu.)

MODU: Ta amarya ce.

ALHAJI: Na tambaye ka?

(Ya kira. Duk wanda ya taɓa neman alfarma a wurin wadda ya yi wa alkawarin da bai cika ba ya san irin muryar da Alhaji ya saka.)

ALHAJI: Salamu alaikum, ranki ya daɗe. Wani ɗan saƙo zai shigo yanzu... E, lambobi ne... A'a, ba alat ba ne... Wane anko kuma? Na ce ƙarshen wata... To, to, na ji. Da ɗinkin? Haba!... To har da ɗinkin. Karanto.

INJINIYA: Alhaji, lokacin wannan ya wuce. Sai an turo wata.

ALHAJI: Wata kuma? Ka san nawa ta farkon ta ci mini?

(Ta biyun ta ci takalmi. Aka wuce wurin.)

INJINIYA: Yanzu sai zaɓi. Hanyar karɓar wasiƙa biyu ce, akwai POP, akwai IMAP.

ALHAJI: Yi mini Hausa.

INJINIYA: Wasiƙunka suna can a babban siton Google. Shi POP ɗan dako ne, zai je ya kwaso su ya jibge a cikin kwamfutar nan. In ba a ce a bar kwafi a can ba, shi ke nan, nan kaɗai suke. Shi kuwa IMAP, kaya na can a sito, kai kana leƙawa ta taga. Abin da ka karanta a nan, waya ma za ta nuna an karanta. Abin da ka goge a nan, ya gogu ko'ina.

JAURO: Aradu na gane. Ɗaya ka koro shanun duka ka ɗaure a tsakar gida. Ɗaya ka bar su a ruga kana zagayawa.

INJINIYA: Wallahi Jauro ka fi malaminmu iya bayani.

MODU: Ai in dai an kawo zancen saniya, Bafulatani farfesa ne.

ALHAJI: Tsaya. Ka ce waya ma za ta nuna? Wace wayar?

INJINIYA: Duk wadda aka sa akwatin a cikinta.

ALHAJI: Ɗan dakon nan nake so. A kwaso mini kayana in gan su da idona.

INJINIYA: Alhaji, saurari kukan kwamfutar nan. Kamar injin markaɗe. Ranar da ta kwanta, ta kwanta da wasiƙunka. Ban da haka, ko da POP ɗin ne, in ba a cire akwatin daga waccan wayar ba...

ALHAJI: Bar wannan maganar. Mene ne waɗannan lambobin da kake rubutawa?

INJINIYA: Lambobin ƙofa ne. Kowace hanya da ƙofarta. IMAP 993, POP 995.

ALHAJI: Au, ashe ɗan dakon ya fi tsada. Sa mini na 993.

INJINIYA: Ba kuɗi ba ne, ranka ya...

ALHAJI: Yaro, da ragin naira biyu-biyu na gina siton nan. Sa.

(Injiniya ya ga an zo inda yake so ta hanyar da bai zata ba, sai ya kama bakinsa. Ya rubuta imap.gmail.com a gidan shiga, smtp.gmail.com a gidan fita, ya zaɓi SSL don kada wani ya leƙa wasiƙa a hanya.)

INJINIYA: Ƙofar fita kuma 465. Sai in ɗan taɓa akwatin nan da ke cewa mai gadin ƙofar fita ma ya tambayi shaida. Shi mutane ke mantawa, sai ka ga wasiƙa na shigowa amma ba ta fita.

ALHAJI: Shiga ɗari tara da wani abu, fita ɗari huɗu. Nasara bai iya kasuwa ba. A tasha fita ake biya.

(Wasiƙu suka fara zubowa kamar an kwance bakin buhu. Na shekara uku, ba a taɓa buɗe ko ɗaya ba.)

ALHAJI: Kai! Kai! Tsayar da su! Datata ce suke sha!

MODU: Alhaji, ga wata ta ce ka ci gadon dala miliyan biyu a Ingila.

ALHAJI: Buɗe!

INJINIYA: Kar ka taɓa. 'Yan damfara ne.

ALHAJI: Na sani. So nake in ga yadda suke tsara magana, ko a ƙaru.

(Aka kira la'asar. Injiniya ya ce zai yi salla ya biya wurin mai masa. Cikin rabin sa'ar da ba ya nan abubuwa biyu suka faru. Alhaji ya yi shifta, Modu ya rubuta a takarda, sannan Alhaji da kansa ya kwafe a kwamfuta da yatsa ɗaya, harshe a waje. Wayar Jauro kuma ta yi kukan yunwa. Ya duƙa ƙarƙashin tebur, ya dubi baki ukun nan, ya zaɓi wanda ya ga ya fi ƙanƙanta.)

ALHAJI: Injiniya, zo ka ga aikinka. Na danna aika, ta ƙi tafiya.

INJINIYA: Tana akwatin fita. Me ka liƙa mata haka?

ALHAJI: Bidiyon sito. Su ga kaya da idonsu.

INJINIYA: Megabayit 80. Gmail ba ya ɗaukar fiye da 25. Ka yi wa akori-kura lodin tirela.

(Ya buɗe, ya cire bidiyon, ya sake danna aika, bai karanta ko layi ɗaya ba. Wasiƙa ta koma ta zauna.)

INJINIYA: To bari in sauya ƙofa. 587, da TLS.

ALHAJI: Daga 465 zuwa 587? Wa zai biya cikon?

INJINIYA: Ni.

ALHAJI: To sauya.

(Ya sauya. Ya mayar. Ya sake rubuta haruffa sha shidan nan ɗaya bayan ɗaya. Da ya sauke ido ƙasan allon da ya ga an rubuta ɓaro-ɓaro cewa babu haɗi da intanet, amma ɗan boko ba ya fara neman ciwo a kusa. Yana cikin zufa sai idonsa ya faɗa kan layin sunaye.)

INJINIYA: Alhaji, mutum nawa ka aika wa?

ALHAJI: Duka. Na Legas, na Dawanau, na Anaca. Tun da kuɗin mota ɗaya ne, me zai sa in yi sawu goma?

INJINIYA: A layi ɗaya ka jera su. Kowa zai ga sunan kowa. In ana son a ɓoye sunaye, a Bcc ake sa su. Na sama da Cc duk a fili suke, kamar zaman ɗaurin aure. Me wasiƙar ta ce?

MODU: (ya warware takarda) Bayan gaisuwa. Mutumin Legas, na rage maka dubu biyar a kowane buhu, amma kada na Dawanau ya ji. Mutumin Dawanau, kai ne na fi ragewa, Allah shaida. Mutumin Anaca, wanda ya jiƙe ɗin nan an shanya ya bushe, ba za a gane ba...

INJINIYA: Alhaji!

ALHAJI: Ai kowa sakin layinsa zai karanta. Mutum ya karanta abin da ba nasa ba? Ina tarbiyya?

MODU: Saura layi ɗaya. Kaya na da kyau, daga wani Bafulatanin Dukku na same su rabin kuɗi.

(Shiru. Jauro ya ajiye sandarsa a hankali.)

JAURO: Modu, Dukku nawa ce a ƙasar nan?

MODU: Ɗaya ce, ubangidana.

JAURO: Yau ni ne ubangida? Lallai magana ta yi nauyi.

ALHAJI: Jauro, yaren kasuwa ne, ba ka gane ba. Injiniya, Allah ne ya tsare da ba ta tafi ba. Sadakar da nake yi ce.

INJINIYA: Bari in goge ta yanzu.

ALHAJI: Goge? Rabin sa'a ina tsintar haruffa kamar kaza! Kar ka taɓa. A dai cire sunayen.

INJINIYA: Har da maganar jiƙaƙƙen riɗin.

ALHAJI: Wannan a bar wa na Anaca.

INJINIYA: Shi ne fa bai kamata ya gani ba.

ALHAJI: Au. To a tura wa na Legas.

(Ana wannan ja-in-ja Jauro ya sake duƙawa ƙarƙashin tebur. Ya fito da wayarsa da cajarsa, ya naɗe, ya sa a aljihu, ya koma ya zauna. Ɗan modem ya buɗe jan ido, ya yi hamma, ya koma kore.)

JAURO: A gafarce ni, Alhaji. Ɗazu na ari ramin wutar ɗan akwatin can. Na ga bai kamata a ci haƙƙin mutum ba, ko da rabi ne. Na mayar masa.

INJINIYA: Ka mayar da me?

(Akwatin fita, da yake nuna 1, ya daina nuna komai.)

ALHAJI: Ina ta shiga? Injiniya, ina wasiƙata?

INJINIYA: Ta tafi, ranka ya daɗe.

ALHAJI: Kira ta! Ka ce ta dawo!

INJINIYA: Da a shafin Gmail ne, akan ba mutum 'yan daƙiƙu, iyaka 30, ya janye. Ta nan kuwa, in ta fita ta fita.

ALHAJI: Rufe ƙofar! Ta 587 ɗin! Na biya!

MODU: Injiniya ne ya biya.

(Wayar Alhaji ta fara ruri a kan tebur. Modu ya leƙa.)

MODU: Dawanau ne.

ALHAJI: Ce ina salla.

MODU: Ga Anaca ma yana shigowa.

ALHAJI: Ce jam'i muke yi.

(Wayar ta tsinke, ta sake ɗauka. Wannan karon Modu bai faɗi suna ba, ya dai miƙa ta da hannu biyu. Lambar ta ƙare da 47.)

JAURO: Ɗauka, Alhaji, ba na sauri. Modu, miƙo biro ɗaya daga cikin biyun nan, mu fara lissafin ɗaya rabin.