Ƙuri'ar Leba da sharar Birmingham

Akwai wata magana da ake yawan maimaita mana a nan Ingila duk lokacin da zaɓen kansiloli ya matso: ku zaɓi jam'iyyar Leba, ita ce za ta kare muku laburare da cibiyar matasa da motar kwasar shara, waɗancan masu ra'ayin riƙau kuwa yanke komai za su yi. Yawancin baƙi irinmu, Hausawa da Pakistanawa da Somaliyawa, a kan wannan magana muke jefa ƙuri'a. Ni ina ganin akwai gaskiya a cikinta, amma ba a inda ake nuna mana ba, kuma rashin fahimtar hakan ne ke sa mutane su zaɓa yau, gobe a rufe musu laburaren unguwa, su ce an ci amanarsu.

A fara da inda kuɗin yake fitowa. Majalisar birni a Ingila tana samun kuɗi ne daga harajin gidaje da harajin 'yan kasuwa da kuma kason da gwamnatin Landan ke turo mata. Daga 2010, lokacin da David Cameron na jam'iyyar masu ra'ayin riƙau ya hau mulki, George Osborne kuma ya riƙe baitulmali, aka shiga tsuke bakin aljihu, kuma ƙananan hukumomi na cikin waɗanda suka fi shan wuya. Ofishin babban mai binciken kuɗi na ƙasar ya lissafa cewa tsakanin 2010 da 2018 abin da Landan ke ba su ya ragu da kusan rabi, idan aka yi la'akari da tashin farashi. Garuruwan talakawa irin su Liverpool da Birmingham da Manchester su suka fi dogara da wannan kaso, saboda gidajensu ba su da tsadar da za a tara haraji mai yawa a kansu, don haka su wuƙar ta fi yanka. Kuma akasarinsu Leba ke mulkinsu a lokacin.

To ga abin da mutane ba sa so su ji. Doka ta hana majalisar birni yin kasafin da abin kashewa ya fi abin shiga. Ba ta da ikon cin bashi don ta biya albashi. Harajin gida ma ba za ta ƙara shi ya wuce kusan kashi 5 cikin ɗari a shekara ba sai da ƙuri'ar raba gardama ko izinin Landan. Sannan akwai ayyukan da doka ta wajabta mata, kamar kula da tsofaffi da naƙasassu, da yaran da aka karɓe daga hannun iyaye, da samar wa marasa gida wurin kwana. Waɗannan su ke cinye mafi yawan kuɗin, kuma kullum ƙaruwa suke yi. Abin da ya rage shi ake yankewa: wuraren shaƙatawa, cibiyoyin matasa, wurin iyo, gyaran titi. Kansilan Leba a wannan hali kamar uwargida ce da maigida ya rage mata kuɗin cefane rabi, yara kuma suka ƙaru. Tana iya zaɓar wanda za a fara zuba wa, amma ba ita ke yanke yawan abin da ke cikin tukunya ba.

Wani zai ce, to su ƙi mana, ai abin da aka zaɓe su su yi ke nan. An taɓa gwadawa. A 1985 kansilolin Leba na Liverpool suka ƙi yin kasafi kamar yadda dokar gwamnatin Thatcher ta masu ra'ayin riƙau ta nema. Ƙarshen abin, an ci tarar 47 daga cikinsu daga aljihunsu, aka kuma haramta musu riƙe muƙami, shugaban jam'iyyarsu Neil Kinnock ma ya fito a babban taron jam'iyya ya caccake su. Tun daga nan babu majalisar Leba da ta sake kama wannan hanya.

Birmingham ita ce abin da ya fi damuna, don ita ce ƙaramar hukuma mafi girma a ƙasar, mutum sama da miliyan ɗaya, cike da Musulmi da baƙi, kuma Leba ta karɓi mulkinta a 2012. A watan Satumba na 2023 majalisar ta fitar da sanarwar da ake kira sashe na 114, wato ta bayyana cewa ba za ta iya daidaita kasafinta ba, duk wani sabon kashe kuɗi ya tsaya sai na dole. Gwamnati ta turo kwamishinoni suka zauna a kanta. Aka tsara rage fam miliyan 300 cikin shekara biyu, a rage hasken fitilun titi, a janye tallafin al'adu, a sayar da kadarori. Harajin gida ya tashi da kusan kashi 10 a 2024, ya sake tashi da kashi 7.5 a shekarar da ta biyo. Mutum ya biya ƙari, ya samu ragi.

Magoya bayan Leba suna cewa laifin Landan ne. Amma idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Shekaru da yawa majalisar tana biyan maza masu kwasar shara alawus ɗin da ba ta biyan mata masu girki a makarantu da masu shara da masu kula da tsofaffi, alhali matakin aikinsu ɗaya. Matan suka kai ƙara, suka yi nasara a Kotun Ƙoli a 2012, majalisar ta biya sama da fam biliyan ɗaya, har ta sayar da babbar cibiyar baje kolinta ta NEC a 2015. Duk da haka ba a gyara tsarin albashin ba, sai ga wani sabon bashin da aka ƙiyasta zai iya kai fam miliyan 760. Ga kuma sabuwar manhajar lissafin kuɗi da aka ce za ta ci fam miliyan 19, ta tashi ta doshi miliyan 100 kuma ba ta aiki yadda ya kamata. Wannan sakaci ne na cikin gida. Ya faro ne tun kafin 2012, gaskiya ne, amma shekara goma sun isa a gyara.

Sai yajin aikin masu kwasar shara a 2025. Ƙungiyar ƙwadago ta Unite, wadda ke cikin manyan masu ba Leba kuɗi, ta shiga yajin aikin sai baba ta gani a watan Maris, saboda majalisar Leba ta soke wani matakin aiki da ƙungiyar ta ce zai rage wa wasu ma'aikata har fam 8,000 a shekara. Kafin ƙarshen watan an ayyana halin gaggawa, shara wajen tan 17,000 jibge a tituna. Unguwannin da suka fi wahala su ne na cunkoso, inda gida ɗaya ke da mutum takwas kuma babu motar da za a kai shara juji. Masu hali sun biya 'yan kasuwa sun kwashe musu. Duk wannan ya faru ne Leba na mulkin birnin, Leba na mulkin ƙasar.

Kada wani ya ɗauka ina cewa duk kanwar ja ce. Majalisar farko da ta faɗi a wannan zamani ita ce Northamptonshire a 2018, ta masu ra'ayin riƙau. Thurrock da Woking ma a ƙarƙashinsu aka ciwo basussukan da suka durƙusar da su. Kuma ba zan manta da bidiyon 2022 na Rishi Sunak, tsohon ministan kuɗi na masu ra'ayin riƙau, ba, inda yake gaya wa 'yan jam'iyyarsa a Tunbridge Wells cewa ya fara sauya tsarin rabon da ya gada daga Leba, wanda ke tura kuɗi unguwannin talakawa na birane. Shi da bakinsa ya nuna inda bambancin yake: a ma'aunin rabo, kuma a Landan ake riƙe da ma'aunin. Gwamnatin Blair ta Leba ce ta buɗe cibiyoyin Sure Start na iyaye da jarirai, bayan 2010 aka rufe ɗaruruwa daga cikinsu. Bayan Leba ta ci zaɓen Yulin 2024, ta ware fam miliyan 600 na musamman ga yankunan da suka fi talauci, ta kuma fara sauya ma'aunin. Wannan abu ne na gaske, kuma ƙuri'ar zaɓen ƙasa ce ta kawo shi, ba ta kansila ba.

Sai dai ita ma gwamnatin ta ɗaure kanta tun kafin ta hau, da alƙawarin ba za ta ƙara manyan harajoji a kan ma'aikata ba. Abin da Rachel Reeves ta fara yi a matsayin ministar kuɗi shi ne yanke tallafin ɗumama ɗaki na miliyoyin tsofaffi, sai da jama'a suka yi ca, jam'iyyar ta sha kaye a zaɓen ƙananan hukumomi na 2025, sannan aka dawo da mafi yawansa. Wannan ya koya mini abu ɗaya: abin da ya dawo da tallafin tsoron rasa ƙuri'a ne. Jam'iyyar da ta tabbata za ka zaɓe ta ko me ta yi ba ta da dalilin sauraronka. Mutanen Perry Barr a Birmingham sun nuna haka a 2024 da suka kayar da ɗan majalisar Leba suka zaɓi Ayoub Khan, ɗan takara mai zaman kansa, ko da yake batun Gaza ne ya fi tasiri a can.

Mu da muka fito daga Najeriya bai kamata wannan ya zama mana baƙo ba. Mun san shugaban ƙaramar hukumar da ke da ofis da mota amma kuɗinsa na hannun gwamna, har sai da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a Yulin 2024 cewa a riƙa tura musu kai tsaye.

Ni dai zan ci gaba da fifita wanda ya yarda cewa laburare da cibiyar matasa haƙƙin jama'a ne a kan wanda yake ganinsu a matsayin ɓarnar kuɗi. Amma idan ɗan takarar kansila ya ƙwanƙwasa mini ƙofa ya ce zai hana yanke ayyuka, zan tambaye shi da wane kuɗin. Zan tambaye shi wanne zai fara rufewa idan aka matsa masa, kuma yaya ya jefa ƙuri'a a kasafin da ya wuce, don a rubuce yake, kowa na iya dubawa. Ɗan majalisar ƙasa kuma tambayarsa daban ce: har yau ana lissafin harajin gida a Ingila ne a kan darajar gidaje ta 1991, abin da ke sa mai ƙaramin gida a arewacin ƙasar ya biya kaso mafi nauyi fiye da mai katafaren gida a Westminster, tsakiyar Landan. Gwamnatocin Leba da na masu ra'ayin riƙau duk sun zo sun tarar da shi haka sun bar shi haka, kuma ina so in ji daga bakinsa ko yana shirye ya taɓa shi.