Wai a lungu kowa ma zai iya

Wai a lungu kowa ma zai iya cafke ƙwallo 100 a kaka ɗaya a NFL, gasar ƙwallon Amurka. Haka mutumin nan ya faɗa da bakinsa, a saƙon murya na kusan minti huɗu, kuma duk wanda yake zaurenmu na WhatsApp jiya da daddare ya ji, ba sai na maimaita sauran ba. Har da 'yar dariya a ƙarshe. Ni da na yi alkawarin na daina sa baki a musun NFL tun rigimar bara, to ga shi na karya, Allah ya yafe mini. Maganar ce ta tsaya mini a wuya har asuba.

Kowa ma zai iya. To madalla, yallaɓai. Ga hular kwano, ga takalmi, bismillah.

Ku da kuka biyo shafin nan don siyasa ku yi haƙuri, yau ƙwallon Amurka ne. Ɗan lungu, wanda su can suke ce wa silot, shi ne mai tarar ƙwallon da ke tsayawa a ratar da ke tsakanin ƙattin gaba da mai tara na bakin layi. Hujjar mutuminmu ita ce wai aikin ɓagas ne: yana tsayawa taku ɗaya ko biyu a baya, mai tsaro ba ya samun damƙe shi tun daga tashi, kuma hanyarsa biyu, ya yanka ciki ko ya yanka waje, alhali na gefe layin fili ya tokare shi. Duk gaskiya ne, ban musa ba. Amma cikin da zai yanka ɗin, wa ke zaune a can? Lainbeka, wato mai tsaron tsakiya, mai kilo 100 da ɗoriya, ga kuma mai gadin baya da ya taho a guje, ba abin da yake nema sai haƙarƙarinka. Wes Welker, shahararren ɗan lungu, ko kilo 90 bai kai ba, kuma a 2013 sau biyu yana samun buguwar ƙwaƙwalwa a kaka ɗaya. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Na gefe ya kama doguwar ƙwallo ɗaya a yi ta yawo da bidiyonsa sati guda, na lungu ya kama tara a tsakiyar ƙatti a ce ai kowa ma zai iya.

Kuma dukan ma ba shi ne wahalar ba, wahalar a ka take. Mai tara na gefe sau da yawa an riga an zana masa hanya: yi gudun yadi 12 ka juyo, ko ka miƙe sak. Ɗan lungu kuwa zaɓi ake ba shi. Ana sakin ƙwallo zai karanta mai tsaronsa yana cikin gudu. In ya karkata ciki, ya fita waje. In ya karkata waje, ya kutsa ciki. In yanki suke tsarewa ba mutum suke bi ba, sai ya nemi inda bango ya tsage ya laɓe a wurin kamar ƙadangare. In kuma sun turo ƙarin mutum don ya afka wa kwatabak, wato mai jefa ƙwallon, to ya watsar da duk abin da aka tsara ya juyo da fuska nan take, don ƙwallo tana tafe. Duk wannan cikin daƙiƙa biyu zuwa uku. Sannan abin da ya gani dole ya zama shi kwatabak ya gani, domin tun kafin ya juya ake jefowa. Shi ya yi dama, an jefa hagu, shi ke nan an ba abokan hamayya kyauta, gobe a tashi da zagin kwatabak. Wannan ne fa kowa ma zai iya.

Yunƙuri huɗu ake ba ƙungiya ta ci yadi 10 a yi mata sabon lale. A na huɗu yawanci dokawa ake yi a sallama ƙwallo, don haka na uku shi ne ranar biyan bashi. Saura yadi 6, filin ya kaure da ihu, an sa mutum biyu a kan tauraron gefe, ƙattin gaba sun fara ɓallewa. Wa kwatabak yake nema a lokacin? Duk wanda ya taɓa maƙalewa a cunkoson yamma a Kano ya san darajar mai adaidaitan da ya san lungu. Mai babbar mota yana kan titi yana danna hon, kai an bi da kai ta bayan gidaje an sauke ka a ƙofar gida.

Mutumin jiya ya ce wai Tom Brady, kwatabak ɗin Patriots a lokacin, shi ne ya yi Welker. Haba malam. A 2008 Brady ya ji rauni a gwiwa tun wasan farko, bai ƙara taka fili ba a kakar. Matt Cassel ne ya riƙe ƙungiyar, mutumin da ko a jami'a ɗan benci ne, kuma Welker ya kama 111. Kafin nan 112 a 2007, bayan nan 123 a 2009, 122 a 2011, 118 a 2012. Welker ɗin nan ba ƙungiyar da ta ɗauke shi a zaɓen sabbin 'yan wasa na 2004, Chargers suka gwada shi suka sallame shi bayan wasa ɗaya. Bill Belichick, kocin Patriots a lokacin, wanda kowa ya san ba ya kyauta, shi ya ba Miami, inda Welker ya koma, gurbin zaɓen sabbin 'yan wasa biyu, na zagaye na biyu da na bakwai, don ya karɓo shi. Ko shi ma bai san wasan ba ne?

Sai ya ce ai da Welker ya tafi Denver an sa Julian Edelman, aiki ya ci gaba, ka ga kujerar ce ba mutumin ba. Wannan ma ba ta tsaya ba. Edelman shekara huɗu ya yi a bayan Welker yana koyon sana'ar, daga 2009 zuwa 2012, kafin ya kama 105 a 2013. A jami'ar Kent State kwatabak ne shi, shi ya sa yake ganin fili da idon mai jifa. Yaron shago ya yi shekara huɗu yana kallon hannun maigida, ranar da ya gaji kujerar sai ka ce ɗinki ba wuya? A Super Bowl, wasan ƙarshe na cin kofin NFL, na Fabrairun 2019, wasan da aka shiga zangon ƙarshe ana 3 da 3, kowa ya kasa motsi, Edelman ya kama 10 ya ci yadi 141, Patriots suka doke Rams 13 da 3, shi aka ba gwarzon wasa. Wanda ya raina gajere bai taka kunama ba.

Cooper Kupp na Rams kuwa ban ma san ta ina zan fara ba. A 2021 ya kama 145, yadi 1,947, tacdawun 16 (kai ƙwallo ƙarshen fili a ci maki), duka ukun shi ne kan gaba a NFL, kuma akasarin aikin daga lungu ya fito. A Super Bowl da Bengals, sauran masu taran Rams ba su nan: Robert Woods yana jinya tun Nuwamba, Odell Beckham ya faɗi da gwiwa kafin hutun rabin lokaci. Bengals sun san Kupp za a nema, mai sayar da lemo a filin ma ya sani, kuma aka neme shi ɗin, suka kasa hanawa. Rams suka ci 23 da 20. Ban ma kawo yadda yake tare ƙatti a buɗe wa mai gudu da ƙwallo hanya ba, aikin da ba ya shiga lissafin kowa.

Na san abin da za ku rubuto a ƙasa: Jarvis Landry, 2017, ya kama 112 amma yadi 987 kacal. Na ji. Akwai mai tara ƙirga da 'yan gajerun ƙwallaye marasa kai ƙungiya ko'ina, ana buƙatar yadi 8 ya kawo 5 a ce ya kama. Shi ya sa ni ba da yawan kamu kaɗai nake auna ɗan lungu ba. Nawa ne a ciki suka kawo sabon lale? A yunƙuri na uku ana nemansa ko ɓacewa yake? In an sa mutum ya manne masa yana iya zillewa, ko sai an bar masa fili? Amma don an samu tela ɗaya ya ɓata yadi ba a cewa ɗinki ba sana'a ba ne. Ku wuce wurin.

Maganar gaskiya, ba mutumin jiya ne kaɗai ya ba ni haushi ba. Wannan rainin ya taɓa cin manyan da ake biya miliyoyi don su san wasan. Justin Jefferson a lungu ya yi kakarsa ta ƙarshe a jami'ar LSU, ya kama 111, sai aka yi ta cewa ai ɗan lungu ne, anya zai iya a gefe? A 2020 Philadelphia suka tsallake shi suka ɗauki Jalen Reagor a lamba 21, Minnesota suka cafke shi a 22. Shekarar farko yadi 1,400. Reagor ɗin ma daga baya Minnesota aka tura shi, ya je ya zauna a bayan wanda aka fifita shi a kansa. Amon-Ra St. Brown sai zagaye na huɗu aka ɗauke shi a 2021, masu tara 16 suka riga shi, har ya haddace sunayensu. A 2024 Detroit suka ba shi dala miliyan 120 na shekara huɗu. Da Jacksonville suka ba Christian Kirk miliyan 72 a 2022 har ni na yi dariya, ba zan ɓoye ba. Ya kama 84, yadi 1,108, ƙungiyar da ta ci wasa 3 kacal a kakar baya ta lashe rukuninta. Ni dai na haɗiye dariyata.

Yanzu ma masu tara uku ake fitowa da su a yawancin yunƙuri, har masu tsaro suka rage lainbeka suka ƙara mutum na biyar a baya musamman saboda ɗan lungu. An sauya fasalin tsaro gaba ɗaya saboda aikin da kowa ma zai iya. Allah ya ƙara basira, yallaɓai.

Af, tunda na tuna. Mai gidan kallon unguwarmu ya sake cewa ba zai ƙona mansa da ƙarfe 12 da rabi na dare ba a kan wasan da, in ji shi, kowane minti sai an tsaya an yi taron gaggawa. Na ce mu shida ne za mu haɗa kuɗin mai, ya ce ko mu goma ne. Na ce har shayi za mu saya a wurin ƙaninsa, ya ce a kai kasuwa. Don Allah duk mai sola mai kai wa asuba da falon da zai ɗauki mutum shida ya yi mini magana ta ciki tun kafin Fabrairu, watan Super Bowl. Mutumin jiya ma za mu zo da shi, amma shi zai kawo tsire.