Masu kuɗin Legas sun koma kwana a tanti

Abin da ake yayi yanzu a Legas shi ne mutum ya kulle gidansa mai esi ranar Juma'a, ya hau titin Lekki zuwa Epe, ya gangara Ibeju-Lekki, ya biya kuɗi masu kauri don ya kwana a tanti a bakin teku. Ba irin tantin 'yan gudun hijira ba fa. A ciki akwai gado da katifa mai laushi, da fanka, da wurin cajin waya, ga banɗaki tsaf a gefe, ga mai gasa kifi yana jiranka. Ƙanena da ke harkar kayan gwari a kasuwar Mile 12 ya raka maigidansa can, ya dawo yana cewa: "Yaya, wallahi bukka ce kawai aka sa wa gado!"

Mun sha dariya, amma ni ban ga wauta a ciki ba. Mutumin da ya kwana biyar yana shaƙar hayaƙin janareta, kullum yana maƙale a cunkoson gadar Third Mainland, ba tanti yake saya ba. Shiru yake saya, da iska, da wurin da zai je ya dawo bakin aiki ranar Litinin bai galabaita ba. Kusa da birni, wannan shi ne jarin.

To mu nan Kano ba mu da teku, amma muna da Tiga. Tun 1974 aka kammala dam ɗin, zamanin Audu Bako, kuma daga cikin birni bai wuce tafiyar kilomita 70 ko makamancin haka ba. Wanda ya taɓa tsayawa a bakinsa da la'asar sakaliya, lokacin da masunta ke dawowa da karfasa da tarwaɗa, ya san abin da nake nufi. Ga dam ɗin Challawa a Ƙaraye. A Jigawa ga Baturiya ta Kirikasamma, inda tsuntsaye ke zuwa tun daga Turai su yi hunturu. Ɗan kasuwar Kantin Kwari ma yana gajiya, iyalinsa ma suna son su ga wani abu ban da katangar gida.

Sai dai kada a kwaso na Legas yadda yake a jibge mana. Bakano ba zai ɗauki matarsa da 'ya'yansa mata ya kai su inda ake kiɗa har asuba ba. A zagaye kowane tanti da zana, a yi masallaci da wurin alwala, a sa sola, a rataya gidan sauro, domin sauron bakin ruwa ba ya wasa. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ne lokacinsa. A watan Afrilu kuwa ko kyauta aka ba ni tanti ba zan shiga ba.

Abin da ya fi damuna shi ne mu mutanen karkara. Mun san yadda ake yi: wata rana sai ka ga manyan motoci, an zo da takarda, an ja waya, an kafa mai gadi. Masuncin da ya gaji wurin ɗaure kwale-kwalensa daga ubansa sai a ce ya matsa, yana ɓata wa baƙi hoto. Bafulatani ya iso mashaya da shanunsa ya tarar da ƙofa. Wannan shi ne kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Kuma kada a manta, akwai garuruwan da aka tasa kafin ruwan nan ya kwanta, jikokinsu suna nan da ransu.

Duk mai son zuba kuɗinsa, marhabin, amma ya fara zama da dagaci da sarkin ruwa da arɗo. A rubuta a takarda cewa mashaya da hanyar masunta ba za a toshe su ba. Kifin da za a gasa a saya a hannun masuntanmu, fura da nono daga rugar da ke kusa, masu tuƙa baƙi a kwale-kwale su zama yaran garin, a koya musu aikin, a raba wa kowa rigar kariya kafin ya shiga ruwa. Wanda bai yarda da wannan ba ya nemi wani bakin ruwan.