Ranar Da Ƙungiyarku Ta Ci Wasa, Titi Ba Naku Kaɗai Ba Ne

Assalamu alaikum ƙannena mazauna Saudiyya, ɗalibai da masu aiki da waɗanda aka haifa a can.

Ranar Talata 22 ga Nuwamba 2022, a filin wasa na Lusail da ke Ƙatar, Saudiyya ta doke Ajantina da ci 2 da 1. Messi ne ya fara zura ƙwallo da bugun fenariti, Saleh Al-Shehri ya farke, Salem Al-Dawsari ya ƙara ta biyu. Sarki Salman ya ba da hutu washegari, jama'a suka cika tituna da koriyar tuta. Haka ake yi a Riyad idan Hilal ko Nasr ta ɗaga kofi, haka Jidda ta yi a Mayun 2025 da Ahli ta lashe kofin zakarun Asiya. Murna halal ce, ban ga laifin kowa ba. Ni abin da ke damuna shi ne mutumin da murnar ke rutsawa da shi alhali bai ma san an buga wasa ba.

Ku dubi wanda ke kan titin Tahliya ko bakin teku a Jidda a irin wannan daren. Akwai ɗan Bangaladash ko Pakistan a kan babur yana kai saƙon abinci, idan ya makara a kuɗinsa za a ji. Akwai mai shara da ke tsaye a gefen hanya, da matar da ta taso daga aiki ita kaɗai a mota, da magidancin da ya ɗauko yaronsa zuwa asibiti. Akwai kuma dattijon da ya zo Umara daga Kano ko Maraɗi, ba ya jin Larabci, ya ga samari sun kewaye motar da yake ciki suna dukan gilashi suna ihu. Ku wasa kuke yi, shi kuwa zuciyarsa ta tsinke. Manzon Allah (SAW) ya ce bai halatta Musulmi ya firgita Musulmi ba, kuma dalilin hadisin wasa ne wasu sahabbai suka yi da ɗan'uwansu yana barci. Wasa ne, amma aka hana. Wanda ba Musulmi ba ma da amana ya shigo ƙasar, cutar da shi haramun ne.

Da sahabbai suka ce ba su da wurin hira sai bakin hanya, sai Manzon Allah (SAW) ya ce musu to su ba hanya haƙƙinta: runtse ido, kame cuta, amsa sallama, umarni da kyakkyawa da hani da mummuna. Ku auna daren murna da wannan ma'auni. Wanda ya gindaya mota a tsakiyar titi ya fito yana rawa, motar asibiti na bayansa tana jiniya, bai kame cuta ba. Wanda ya fesa wa baƙuwar mace kumfa ko ya bi motarta da ham, ya tattake biyu daga cikin huɗun nan.

Mafi muni shi ne wasan mota da suke kira tafhiɗ. Direba yana juya mota a guje tana zamewa, 'yan kallo sun yi layi a bakin kwalta. Da zarar sitiyari ya ƙwace, kan 'yan kallon nan za ta yi, domin ba abin da ya raba su da ita. Wallahi ƙanena, tsayuwar kallon ma ganganci ce, kuma ita ke ƙara wa direban ƙaimi. Tun 2016 tarar karon farko riyal 20,000 ce tare da tsare mota kwana 15, ta biyu 40,000, ta uku 60,000. Amma wace tara ce za ta mayar wa uwa ɗanta?

Sannan ku tuna matsayinku. Ɗan ƙasa zai biya tara ya koma gidan ubansa. Kai mai iƙama, wato takardar izinin zama ta baƙo, ƙaramin laifi na iya kai ka ga kora, karatun Jami'ar Madina ko aikin da iyalinka a gida suka dogara da shi ya tafi a dare ɗaya. Dokar hana cin zarafi ta 2018 ta tanadi ɗauri har shekara 2 da tara har riyal 100,000, hukuncin yana ƙaruwa idan aka maimaita laifin. Ɗaukar mutane a waya kuma, musamman mata, a watsa ba da yardarsu ba, yana iya jawo ɗaurin shekara 1 da tarar riyal 500,000. Da yawanmu mun ɗauki wannan kamar ba komai, muna ta ɗorawa a TikTok da Snapchat.

Ban ce ku kulle kanku a ɗaki ba. Ku fita ku yi murna a wuraren da aka tanada, a ƙafa, kada ku zauna a tagar mota tana tafiya. Wanda ya sa rigar ƙungiyar da aka ci ku bar shi ya wuce lafiya. Idan kun ga an tare wani bawan Allah, mai jin Larabci a cikinku ya shiga tsakani da lalama ya buɗe masa hanya. Mai baƙon Umara ko tsofaffi a gida ya duba jadawalin wasanni, daren wasan ƙarshe ko karawar Ittihad da Ahli ya canza musu hanya ko su fita da wuri. Iƙamarka ko fasfo ya kasance a jikinka.

Saudiyya za ta karɓi gasar cin kofin Asiya a 2027 da ta duniya a 2034, ke nan irin waɗannan darare za su ƙaru, baƙi ma za su ninka. Tun yanzu ku ajiye lambobin nan a waya, ku koya wa sabon zuwa: 911 ta kiran gaggawa a yankunan Makka da Riyad, 999 ta 'yan sanda, 997 ta motar asibiti. Idan wani ya faɗi a titi, kiran su ne farko kafin a ɗaga kyamara, kuma kada a ɗaga wanda ya bugu a wuya ko baya sai ma'aikatan lafiya sun iso.