Alkawarin nahiya guda, Kada ɗaya tilo

Tun da aka rattaba hannu a Addis Ababa cikin Fabrairun 2025 cewa sojin ruwan Najeriya za su riƙa yi wa Tarayyar Afirka jigilar dakaru da kayan aiki ta teku, ake ta bugun ƙirji. Ni kuwa tambaya ɗaya ce ta hana ni sakat: da jirage nawa?

Abin da kowa zai nuna maka shi ne NNS Kada, wanda kamfanin Damen ya ƙera a Sharjah ta Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, ya iso Legas a 2022. Ba na raina shi. Tsawonsa mita 100, yana ɗaukar sojoji kusan 250 ban da ma'aikatansa. Sunan ma ya dace da shi, domin kamar kadan gaske yake: ya kutso har bakin gaɓa, ya wangame baki, ya shimfiɗa ƙofar gaba a kan yashi, motoci masu sulke su gangaro da tayoyinsu ba tare da neman tashar jiragen ruwa ba. A shekarar da ya iso ya kai wa dakarun ECOWAS kaya Gini Bisau, bayan yunƙurin juyin mulkin da aka yi a can.

Amma jirgi ba jaki ba ne da za a ba shi dusa a ce gobe da asuba a kama hanya. Dole lokaci-lokaci a ɗaga shi daga ruwa, a kankare gindinsa, a kwance injinsa, wani zubin wata da watanni. To, ranar da Kada ke kwance a wurin gyara aka ce gobara ta tashi a wata ƙasa, wa za a aika? Takardar yarjejeniya ce za ta ɗauki tankar yaƙi?

Abin haushin shi ne mun taɓa bin wannan hanya. Ambe da Ofiom, jiragen dako biyu da aka sayo daga Jamus a ƙarshen shekarun 1970, an mori Ambe lokacin da ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta ECOWAS, ta sauka Monrobiya, babban birnin Laberiya, a Agustan 1990. Daga baya aka bar su suka ruɓe a tsaye, muka yi shekaru babu madadinsu. Kamfanin jiragen ruwa na ƙasa, wanda da shi za a jingina da shi, tun 1995 aka rufe shi.

Masu cewa Arewa ba ta da teku, a kai kuɗin dajin Zamfara, sun manta cewa ’ya’yanmu ma na cikin waɗanda aka kai Laberiya, kuma harsashi da garin tuwonsu ba tsuntsu ya kai musu ba. Masu son jirgin yaƙi mai makamai masu linzami don a yi ado da shi ranar fareti kuwa, su je su tambayi shekara nawa Aradu, babban jirgin yaƙinmu mai irin waɗannan makamai, ya yi a ɗaure.

Matsalarmu son bikin yanke kintinkiri. Jirgin dako ba ya burge kowa a talabijin, kuɗin man shafawa da kayan gyaransa ma balle. Majalisa ta daina gyangyaɗi, ta tambayi nawa aka ware wa gyaran Kada a kasafin bana, kuma yaushe za a samo masa ɗan'uwa. Masana'antar ƙera da gyaran jiragen sojin ruwa da ke Legas ta ƙera ƙananan jiragen sintiri irin su Andoni da Karaduwa; a fara jarraba ta da ƙaramin jirgin dako mana.